Turke a Cikin Saiwa: Ina Ƙarfin Haƙorin da Aka Sake Ginawa Yake?

Duk wanda ya san unguwannin masana'antu na Kano, tun daga Bompai, wadda ita ce babbar yaya, da ta kafu tun zamanin Turawa sa'ad da gyaɗa ke tashe jirgin ƙasa na jigilarta zuwa bakin teku, har zuwa Sharaɗa da Challawa waɗanda aka yanka daga baya da ma'aikatu suka yawaita wuri ya ƙure, ya san akwai wani rauni wanda ba ya shiga lissafin kowa, ba ya hana mutum fitowa aiki kashegari, amma kuwa yakan bi shi har iyakar rayuwarsa, watau karyewar haƙori. Bel ɗin inji ya tsinke ya fyaɗi mutum a baki, ko sifana ta suɓuce wa makanike yana cikin ɗaure noti, ko lebura ya yi tuntuɓe da buhu a ka ya ci da baka a kan siminti, ko kuwa a hanyar Fanshekara, da sanyin asuba, A Daidaita Sahu ya yi karo da ma'aikata a ciki. Akwai kuma ɓarnar da ke zuwa sannu ba da hayaniya ba, ga waɗanda ke wuni cikin ƙurar sukari da ta fulawa a gidajen alawa da biskit, gama likitoci sun daɗe da lura a ƙasashe da dama cewa masu wannan sana'a sun fi sauran ma'aikata ruɓewar haƙora, kamar yadda tururin asid, a inda ake aiki da shi ba kariya, kan zaizaye haƙoran gaba har su sirance.

Idan mai irin wannan larura ya kai kansa gaban likita, ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko a Asibitin Murtala, ko a ɗaya daga cikin asibitocin kuɗi na cikin gari, akan shimfiɗa masa hanya biyu, ko dai a tumɓuke abin da ya saura a huta, ko kuwa a ceci saiwar, a kafa mata turke, a sake gina haƙori a kanta. To, a nan ne za ka ji tambayar da kusan kowa ke yi, da lafazi kusan ɗaya: “Likita, in an sa mini ƙarfen nan, zai koma da ƙwarinsa kamar da?” Tambaya ce ta mai hankali, domin wanda zai fitar da guminsa na wata guda ko fiye ya cancanci ya san abin da zai saya, sai dai a ƙarƙashinta akwai wani zato da ya zauna a zukatan jama'a, har ma ya taɓa zama a zukatan likitoci su kansu shekara da shekaru, cewa ƙarfe in ya shiga cikin abu lalle ne ya ƙara masa ƙarfi. Wannan zato shi nake nufin in warware, saboda a kansa ake hasarar kuɗi da haƙori gaba ɗaya.

Haƙori dai, yadda Mahalicci ya tsara shi, kashi biyu ne, kan da ke bayyane a baki, da saiwar da ke binne cikin ƙashin muƙamuƙi, wadda ta fi kan tsawo. Daga waje akwai farin ɓawo mai sheƙi, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. Ƙarƙashinsa akwai ƙashin haƙori, wanda shi ne gangar jikin duka, mai ɗan sassaucin da ke ba shi damar shanye nauyin tauna ba tare da ya fashe ba. Can a tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki da siririn rami da ya gangara har ƙarshen saiwa, inda jijiya da hanyoyin jini ke zaune. Idan ruɓa ko karaya ta kai ga wannan ɗaki, jijiyar ta kumbura ta hana barci, daga bisani ta mutu ta zama matattarar ƙwayoyin cuta, sai likita ya huda, ya kwashe ta da waɗansu siraran allurai masu kaushi, ya wanke ramin, ya cike shi da wani danƙon itace da ake kira gata-faca. In bangon haƙorin na nan da saura mai yawa, shi ke nan, a cike a rufe. Amma in kan ya tafi, ba abin da ya rage sai kututture daidai da dasashi, to ciko ba shi da abin kamawa, kuma a nan ne turke ke shigowa: likita ya rage danƙon nan daga sama ya bar na ƙasa ya toshe ƙofa, ya zura wani siririn sanda wanda kaurinsa galibi tsakanin milimita 1 ne da 2, ya manne shi da siminti na musamman, ya bar kansa ya ɗan leƙo waje. A jikin wannan kai ake cura ciko a sassaƙa shi ya ɗauki siffar ƙaramin haƙori, sa'an nan a auna, a ƙera hula ta tangaran ko ta ƙarfe a kifa a bisa.

Dabarar ba ta yau ba ce, kuma shari'a ba ta taɓa ƙyamar gyaran gaɓa da ma'adini ba. Malamai sun kafa hujja da ƙissar Sahabin nan Arfaja ɗan As'ad, Allah ya yarda da shi, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin Jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi da ya sa na zinariya. Daga nan fuƙaha'u suka yi ƙiyasin halaccin ɗaure haƙora da zinariya ga namiji saboda larura. Babban likitan Andalus, Abul Ƙasim Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya, ya bayyana a littafinsa Attasrif yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinariya ko na azurfa, ya kuma fifita zinariya don ba ta sauyawa a baki. Amma kafa turke a cikin saiwa, wanda aka fi jingina wa bayaninsa shi ne Pierre Fauchard na Faransa, wanda littafinsa ya fito a 1728, yana amfani da na zinariya da na azurfa. Waɗanda suka biyo bayansa suka jarraba turken itace, suna murna da cewa yana shan yawu ya kumbura ya kama ramin gam, ba su ankara ba sai da suka ga kumburin nan da ke riƙe turken shi ne kuma ke tsaga saiwar biyu. Tun daga ran nan illar ta bayyana ga mai lura, cewa abin da aka cusa cikin saiwa don ya raya ta yana iya zama sanadin halakarta.

Duk da haka an daɗe ana karantar da ɗalibai cewa haƙorin da aka cire wa jijiya yakan bushe ya yi gautsi, saboda haka wajibi ne a tallafe shi da ƙarfe daga ciki. Da aka zo aka auna, sai maganar ta kasa tsayuwa. A 1992, Sedgley da Messer a ƙasar Ostireliya suka ɗauki haƙoran da aka cire wa jijiya tun shekaru da suka wuce, suka gwada su da takwarorinsu masu rai na ɗaya gefen daga baki ɗaya, ba su sami bambancin a-zo-a-gani ba ta wajen ƙwari. Kafin wannan, a 1989, Reeh da abokan aikinsa a Amurka sun bi diddigin inda ƙarfin ke zurarewa, suka tarar aikin cire jijiya gaba ɗayansa bai rage wa haƙori tsauri ba sai kashi 5 cikin 100, alhali kuwa ramin da ya ratsa kan haƙori daga gefe zuwa gefe, ya cinye ganuwarsa ta gaba da ta baya, ya rage masa fiye da kashi 60 cikin 100. Ashe raunin yana zuwa ne daga rushewar bango, wanda ruɓa ko bugu ko injin likita ya tafi da shi, mutuwar jijiya kuwa rabonta a cikin laifin ƙanƙani ne.

Idan haka ne, to sai a dubi turke da idon adalci. Kafin a kafa shi tilas a ƙara faɗaɗa ramin saiwa, watau a kankare wani abu daga ƙashin nan da shi ne jarin haƙorin, kuma abin da aka kankare ba ya tsirowa har abada. A 1984, Sorensen da Martinoff suka bibiyi bayanan haƙora 1,273 da aka cire wa jijiya, suka ga waɗanda aka kafa wa turke ba su fi waɗanda ba a kafa wa tsira daga karaya ba. A yau kusan ijma'in masana ne cewa turke aikinsa ɗaya, ya riƙe cikon da aka gina a kansa don kada ya faɗo, kuma inda ciko zai iya tsayuwa ba da shi ba, sa shi israfi ne, har ma cutarwa. Na san wannan magana za ta yi wa mutanen Bompai da Sharaɗa nauyi a kunne, su da suka saba ganin rodi na ƙarfafa kankare, amma kankare ana zuba shi ne a kewaye da rodin tun yana ɗanye su daskare tare, ita kuwa saiwa sai an rarake ta kafin ta karɓi baƙon.

To, ina ƙarfin yake? Yana ga abin da ya rage na haƙorin asali sama da dasashi. Dubi lauje: maƙeri ya cusa tsinin ƙarfen cikin ƙota, in aka bar shi haka, kullum aka ja ciyawa sai tsinin ya riƙa banƙarar itacen daga ciki har ranar da ƙotar za ta dare, shi ya sa mai hikima ke sa mata zoben ƙarfe a baki, ya yi mata ɗamara daga waje, ta yadda duk ƙarfin da tsinin ya tura zoben zai tare shi. Hular haƙori ita ce wannan zobe, amma da sharaɗin ta sami lafiyayyen bangon da za ta kama, wanda masana suka ƙayyade da milimita ɗaya da rabi zuwa biyu a tsaye, da kaurin akalla milimita ɗaya, in son samu ne a kewaye duka. In akwai wannan ɗamara, nauyin tauna yana sauka a kan haƙorin da kansa ya gangara saiwa ta waje, turke na ciki yana hutawa. In babu ita, duk nauyin ya koma kan turke, shi kuma ya riƙa motsi a cikin ramin sau dubbai a wuni, har ɗayan biyu ya auku, ko simintin ya saki hular ta faɗo da turkenta, ko saiwar ta tsage a tsaye, tsagewar da ba ta da magani sai cirewa. Wannan shi ne rukunin mas'alar, sauran duk rassa ne. Saboda muhimmancinsa ne, idan karaya ta gangara har ƙarƙashin dasashi, likita mai tsoron Allah ba ya gaggawar kafa turke, sai ya fara neman ɗamarar, ko ta hanyar ɗan rage dasashi da ƙashin da ke kewaye don bangon ya fito, ko ta hanyar jawo saiwar sama sannu a hankali da waya cikin 'yan makonni. In duka biyun ba za su yiwu ba, ya faɗa wa mai haƙori gaskiya cewa ginin ba zai daɗe ba.

Shi kansa turken yana da iyakoki da aka sani. Tsawonsa ya kai kimanin kashi biyu cikin uku na saiwar, ko akalla ya kai tsawon hular da zai ɗauka, domin gajeren turke shi ya fi banƙara. Kaurinsa kada ya wuce sulusin faɗin saiwar. A can ƙasa kuma a bar danƙon gata-faca milimita 4 zuwa 5, don kada ƙwayoyin cuta su sami hanyar komawa ƙashi. Ba a sanin waɗannan da ido, sai da hoton ƙashi, kuma duk wanda ya ce zai kafa maka turke bai ɗauki hoton saiwarka ba, to tashi ka ba shi wuri.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne a kan abin da za a yi turken da shi. Akwai na zubi, wanda ake auna ramin a narka zinariya ko wani gamin ƙarfe a zuba ya fito daidai da shi. Akwai na kanti, na baƙin ƙarfe marar tsatsa ko na titaniyom, wasu ma da zare irin na noti, waɗanda suka fi kowanne kamawa, suka kuma fi kowanne tsaga saiwa. Sa'an nan a 1990 Duret da abokansa a Faransa suka fito da turken zare, na zaren gawayi da aka curo cikin danƙo, wanda daga baya aka koma yin sa da zaren gilashi fari don kada baƙinsa ya nuna ta cikin hula. Hujjar masu goyon bayan na zare ita ce, baƙin ƙarfe ya ninka ƙashin haƙori tsauri wajen sau goma, saboda haka ba ya lanƙwasa tare da saiwa, sai ya tara nauyi a wuri ɗaya. Na zare kuwa sassaucinsa ya yi kusa da na haƙori, kuma idan abin ya ɓaci galibi saki yake yi ya fito, a sake manna shi, saiwa na nan lafiya. Masu goyon bayan na ƙarfe su ce, ai wannan sassaucin shi ne aibinsa, domin inda bango ya ƙaranta lanƙwasar tasa takan buɗe bakin hula yawu ya shiga ruɓa ta dawo. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, kuma gwaje-gwajen da aka yi a bakin mutane ba su ba ɗaya rinjaye yankakke a kan ɗaya ba. Abin da na fahimta, kuma nake tsaye a kansa, shi ne in akwai ɗamara ko wanne aka sa zai yi, in babu ita kuwa tsadar turke ba ta fansar saiwa. Saboda haka kada talaka ya ci bashi don wai a sa masa na zamani, ya tambayi abin da ya fi wannan muhimmanci tukuna.

Ya kamata kuma a rarrabe tsakanin haƙoran gaba da turame. Na gaba, musamman na sama, waɗanda su ne haɗarin ma'aikata ya fi ci, nauyi yana zo musu ne a karkace, saiwarsu ɗaya, don haka in kansu ya tafi sun fi bukatar turke. Turmi kuwa ɗakin jijiyarsa na da faɗi da zurfi, ciko na iya zama a ciki daram ba da turke ba, ga shi saiwoyinsa sirara ne masu lanƙwasa da ke da sauƙin hudewa. Abin da turmi ke bukata shi ne rufi, gama shi ke ɗaukar nauyin da kan kai kilo hamsin ko fiye a bakin ƙaƙƙarfan namiji. Mutanenmu ba baƙi ba ne ga hular haƙori, tun da alhazai sun saba dawowa da haƙorin Makka, sai dai wancan ado ne da ake kifawa a kan lafiyayye, wannan kuwa ita ce ke haɗe bangayen da suka saura don kada tauna ta raba su. A 2002, Aquilino da Caplan a Amurka suka nuna cewa haƙoran da aka cire wa jijiya ba a sa musu hula ba, yawan hasararsu ya ninka na waɗanda aka sa wa har sau shida. Ga shi kuwa a nan ne ma'aikatanmu suka fi tsayawa, domin da zarar an cire jijiya ciwo ya lafa, sai mutum ya ce alhamdu lillahi ya koma bakin inji da cikon wucin gadi, kuɗin hula ya tafi ga hatsi da kuɗin makaranta, sai bayan wata shida ya dawo da haƙorin a tsage gida biyu.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa wa mutane ba. Haƙori mai rai yana da mai gadi a cikinsa, wanda da ka ciji tsakuwa a shinkafa zai sa muƙamuƙi ya saki tun kafin ka yi tunani. Randow da Glantz a Suwidin sun nuna a 1986 cewa wanda aka cire wa jijiya sai an ɗora masa fiye da ninki biyu na nauyi kafin mai shi ya ji zafi. Saboda haka wanda aka gina wa haƙori a kan turke, ya sani ya yi sallama da buɗe kwalbar lemo da baki, da fiƙe waya, da tsinke zaren buhu, da riƙe ƙusa tsakanin haƙora yana aiki, ya kuma yi hattara da goruba da busasshiyar aya da ƙashi da ƙanƙara, rake ma ya yayyanka shi da wuƙa. Asuwaki da buroshi kuwa sai ma ƙari, domin tangaran ba ya ruɓa, amma bakin saiwar da ya zauna a kai yana ruɓa, kuma ba jijiyar da za ta kawo labari.

Duk wannan bayani ya tattaru a kan lokaci. Milimita biyun nan da ake nema, kusan kowane haƙori yana da su a ranar da ya karye ko a watan da kogo ya fara. Jinkiri ne ke cinye su, wata bayan wata, ana cusa kanumfari a ramin, ana haɗiyar ƙwayar kashe ciwo daga kemis, ana jiran albashi. Ba na zargin ma'aikacin da ake biya da kwana, wanda in ya tafi asibiti ya rasa kuɗin wunin, kuma aikin na bukatar zuwa uku ko huɗu, a ƙasar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000 a 2024. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake ɗaukar haƙorinsa ba a bakin kome ba. Shari'ar Musulunci ta yanka wa kowane haƙori diyyar raƙuma biyar, watau kashi ɗaya cikin ashirin na diyyar rai, Imamu Malik kuma bai bambanta na gaba da turmi ba, har a Muwaɗɗa an kawo fatawar Sa'idu ɗan Musayyib cewa haƙorin da aka buga ya yi baƙi diyyarsa cikakkiya ce ko bai faɗi ba, wanda shi ne ainihin haƙorin da likitocin yau ke cewa jijiyarsa ta mutu. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba: Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ma'aikata zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, ta kuma shigar da ma'aikacin wucin gadi cikin masu haƙƙin magani da diyya idan rauni ya same su a bakin aiki.

Ina roƙon masu masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago, su sa raunin baki cikin abin da ake rubutawa a littafin haɗari, su rufe bel da kariya kamar yadda Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta, su kuma ba mai rauni izinin zuwa asibiti ba tare da yanke masa kwana ba. Kai kuma ɗan'uwa, in haƙorinka ya fita ɗungurungum da saiwarsa, kama shi ta kai, kada ka kankare saiwar, jefa shi cikin madara, ba nono mai tsami ba, ka isa ga likita cikin sa'a guda, domin ana iya mai da shi ya kama. In karyewa ya yi, sanar da shugabanka a rubuce cikin kwana 14 ɗin da Dokar Diyyar Ma'aikata ta ba ka, ka je a ɗauki hoton saiwar a makon nan, kuma kafin ka yarda a kafa maka turke ka tambayi likita milimita nawa suka rage na haƙorinka sama da dasashi, da kuma nawa ne kuɗin aikin har da hularsa.